Yabon da Ya Raba Ni da 'Yata ta Fari

Har gobe in aka zo maganar kunya a danginmu, da ni ake kafa misali. Sai ka ji ana ce wa yaran yanzu su dube ni, wai ni ce na shekara biyu ina shayar da 'yata ta fari ba wanda ya taɓa ganin na yi mata wasa. Ina zaune ake faɗa. In sunkuyar da kai, su kuma su ɗauka wata kunyar ce ta sake kama ni, su ƙara yabo. Ba kunya ba ce, ba ta taɓa zama kunya ba. Tsoro ne a wancan lokacin, yanzu kuma haushi, kuma na gaji da haɗiye shi.

Ni haifaffiyar Wurno ce. Na auri wanda nake so, manomi daga wani ƙauye da ke ƙasa da madatsar Goronyo, a shekarun da aka fara sako ruwa ta kanal ɗin siminti. Mazan da a da suke tafiya cin rani duk suka zauna gida suna noman albasa da tafarnuwa. Mijina yana cikinsu. Da cikina na fari ya tsufa aka mayar da ni gidanmu, kamar yadda ake yi, na haihu a ɗakin Inna, mahaifiyata. Mace na haifa, mai yawan gashi, lafiyayya.

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka ma sai an ce mata ta ɗauke shi. Amma ko a zamanina abin ya fara sakwarkwacewa. Sa'o'ina sukan yi na ganin ido mako ɗaya ko biyu, daga nan ka gan su suna cilla jinjiri sama suna cafewa. Ni ma niyyata ke nan. A kwanakin farko, in Inna ta fita, sai in ɗauko yarinyar in yi ta shinshina wuyanta ina yi mata magana a hankali.

Kwana biyu bayan suna abin ya fara. Da la'asar ne, an tafasa ruwan wankan jego a rabin duro a bayan ɗaki, ganyen dogon yaro yana ta juyi a ciki. Na fito da yarinyar zan miƙa wa Inna kafin in shiga wanka. Hanyar ta gefen duron take. Ina zuwa daidai wurin, tururi ya bugi fuskata, sai kawai na ga hannuwana sun sake ta a ciki. Ba murya na ji ba, ba aljani na gani ba. A cikin kaina na gani, sarai, har da yadda ruwan zai fallatsa. Yarinyar tana nan a ƙirjina tana barci, ban ko motsa ba. Na ƙarasa da sauri na cusa wa Inna ita.

Inna ta yi dariya ta ce, "Ke, a hankali. Wagga kunya taki, sai ka ce garwashi kinka ɗauko."

Na shiga wanka ana fyaɗa mini ruwan zafi ina kuka, suka ɗauka zafin ruwan ne.

Na zaci abin na rana ɗaya ne. Washegari ya dawo, kuma ya zo da 'yan'uwansa. In na ga wuƙa sai in ga abin da wuƙa za ta yi. In na wuce rijiyar tsakar gida sai in ga na leƙa da ita a hannu na buɗe hannun. In tana shan nono sai tunani ya ce, in kika danna ta fa? Na yi a'uziyya har bakina ya bushe. Na karanta duk surar da na haddace. Abin da na lura shi ne, iya ƙarfin da na sa na kore shi, iya ƙarfin da yake dawowa da shi. Na yanke wa kaina hukunci cewa ni muguwa ce, ko kuwa hauka ke tafe, kuma ko wanne ne, yarinyar ba ta da tsaro a hannuna.

Za a ce me ya hana ni faɗa. A unguwarmu akwai wata mata da ta taɓa cewa tana ganin abubuwa bayan ta haihu. Aka kai ta gidan wani mai magani aka ɗaure. Ta dawo ba aure, ba ɗa, in ta dafa abinci ta aika maƙwabta sai a zuba wa kaji. Ita ba ta ma ce tana ganin ta cuci ɗanta ba. Ni in na buɗe baki na faɗi nawa, na san sunan da za a sa mini, kuma mayya ba ta wanke kanta a garinmu. Sai na ja bakina na yi shiru.

Na tsara wa kaina dokoki. Ba na ba ta nono sai da wani a ɗakin. Da ta gama in ajiye ta in matsa. Ba na taɓa wuƙa in tana kusa. In dole ta kama in goya ta, majanyi biyu nake ɗaurawa, in ƙulle su har numfashina ya riƙa yankewa. In aka bar ni da ita mu biyu, sai in zauna a kan hannuwana a bakin ƙofa har wani ya shigo. Matan da suke zuwa barka suna ganin haka suna jinjina kai. Wata tsohuwa ta ce wa Inna ta yi tarbiyya, rabon da ta ga mai jego irina tun kafin a zo da motocin gina madatsa. Inna baki har kunne.

Da na cika arba'in aka mayar da ni gidan miji. Mota a bakin titi take saukewa, sai a taka zuwa ƙauyen, kuma dole a tsallake kanal a kan wani falalen siminti wanda faɗinsa bai wuce na tabarma ba, ba abin dafawa. Ranar an sako ruwa, yana gudu da ƙarfi. Na zo bakin falalen da goyo a bayana na tsaya cak. Tunanin ya ce, kwance majanyin kawai. Cikin waɗanda suka zo tarbarmu akwai yayar mijina, wadda take aure a Rimawa, mai 'ya'ya uku duk maza. Na juya mata baya na ce, "Yaya, karɓi ɗiyarki."

Ta kwance ta da murna ta goya, ta tsallake tana yi mata waƙa. Kafin mu isa gida labari ya riga mu: amarya ta ƙi shiga garin surukanta da 'yar fari a baya, don kunya. Surukata ta ba ni turmin atamfa.

Zan so a ce yayar mijina muguwa ce, da na sami inda zan sauke haushina. Ba muguwa ba ce. Mace ce mai fara'a da kyauta, kuma ta so yarinyar nan tun ranar da ta goya ta. Duk bayan 'yan kwanaki sai ga ta daga Rimawa da ƙullin ƙuli-ƙuli ko wata 'yar riga. Yarinyar tana jin muryarta take fara zillo.

Mijina kuwa injin ban ruwansa ya mayar matarsa ta biyu. Da sassafe ya fita, sai azahar ya leƙo ya ci abinci ya koma. Sau ɗaya na gwada gaya masa. Ya shigo ƙafafunsa duk laka, yana cin tuwo a tsaitsaye. Na ce, "Malam, wasu abubuwa na zo min ga rai game da yarinyag ga."

Ya ce, "Kamar mi?"

Na ce, "Kamar wani abu za shi same ta."

Ya ce, "Kowace uwa haka take. Bari in karɓo maki rubutu wajen Baffa malami."

Ya karɓo, na sha. Abin da ban iya ƙarawa ba shi ne, a hannuna. Kalma biyu ne, na yi ta juya su a baki har ya wanke hannu ya fita.

Akwai ranar da ba na mantawa. Lokacin cirar albasa ne, an jibge ta a tsakar gida, mu mata muna zaune muna yanke mata ganye, kowa da wuƙarta. A wurin aiki irin wannan ba yadda zan ce ba zan riƙe wuƙa ba. Yarinyar ta fara rarrafe. Ta baro tabarmar kakarta ta nufo ni kai tsaye tana dariya, haƙoranta biyu a waje, ta kama gwiwata za ta miƙe. Wuƙar tana hannuna na dama. Na daka mata tsawa, na sa ƙafa na ture ta. Ta faɗa kan albasa ta dube ni, sannan ta fasa kuka. Surukata ta ɗauke ta tana dariya tana cewa, "Zo nan, uwarki ta mutanen dā ce." Yara suna koyo da sauri. Lokacin da ta fara tafiya, in ta faɗi ta ji ciwo, wuce ni take yi ta nemi wani.

Da lokacin yaye ya yi, yayar mijina ta zo ta ɗauke ta, a kan za ta yi mako ɗaya a Rimawa ta manta da nono. Mako ya zama wata. Rannan surukata ta kira ni ɗakinta, mijina yana zaune a gefe yana kallon ƙasa. Ta ce, "Yayarku na son a bar mata yarinyag ga ta riƙe. Ba ta da ɗiya mace. Munka ce sai an ji ta bakinki."

Tambayar al'ada ce kawai, amsarta ma a haddace take, kuma uwar 'yar fari ba ta da wata amsar. Na ce, "Ni mi an nawa ciki? Ɗiyarku ta."

Surukata ta yi ta sa mini albarka. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da na fito daga ɗakin nan, sauƙi na ji. Na ɗauki wuƙa na yanka kuɓewa hankalina kwance. Na ja ruwa a rijiya na tsaya ina kallon cikinta yadda na ga dama. Na yi sallar la'asar na gode wa Allah da ya kuɓutar da yarinyar daga gare ni. Wannan godiyar ce har yau ban yafe wa kaina ba.

Bayan shekara uku na sake haihuwa, namiji, wannan karon a gidan miji. Ranar da aka ɗora ruwan wanka abin ya dawo kamar jiya muka rabu. Sai dai ɗa na biyu ba a yi masa kunya, don haka ba ni da abin fakewa. Ungozomar ƙauyen matar wanzami ce, tsohuwa mai jan haƙora saboda goro, wadda ba ta tauna magana kafin ta faɗa. Kwana uku tana kallona ina zagaye duron ta can jikin katanga. A na huɗu, da ba kowa kusa, ta ce, "Ɗiyata, mi ka hana ki bi ta nan? Hanya ta fi kusa."

Na ce tururin ne ba na so.

Ta tofar da tukar goro ta ce, "Gani kike kin jefa shi ciki, ko?"

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na jira ta kira mutane. Ita kuwa itace ta gyara a murhu.

Ta ce, "Na yi ma masu jego wanka tun ba a haife ki ba. Ke ba ta farko ba ce, ba ki zama ta ƙarshe. Ni rijiya ta, da ɗana na ukku. Wata wuƙa, wata tudun soro. Duk waɗanda sunka hwaɗa min, ba ɗaya da tat taɓa ɗanta ko da ƙumba. Dubi yadda jikinki ka rawa. Mai nufin ɓarna ba ta wagga rawa."

Ta jawo kujera 'yar tsuguno ta ajiye dab da duron, ta ce in zauna. Ta ɗauko jinjirin ta ɗora mini a cinya. Na ce mata don Allah ta ɗauke shi. Ta ce, "Ba ni ɗauka. In ya zo maki, kak ki kore shi, kak ki ba shi amsa. Bar shi shi yi surutunai, ke ki ba yaro nono."

Na zauna. Tunanin ya zo, ya sake zuwa, gumi ya jiƙa mini zane, ita tana gefe tana ba ni labarin wata akuyarta da ta ci mata tafarnuwa. Har ruwan ya huce aka sake hura wuta, yaron yana cinyata yana barci. Haka muka yi kullum har na yi arba'in. Abin bai tafi gaba ɗaya ba, kuma har yanzu da furfurata yakan leƙo in na riƙe ɗan wani a bakin ruwa. Amma ya zama kamar maƙwabciya mai yawan surutu, tana yi kina tankaɗen garinki. Na ƙara haihuwa huɗu bayan wannan, duk na goya su, na tsallake kanal da su, na yi musu wasa har ana cewa na cika rawar kai.

Ya kamata in ce na yi murna. Na yi, ta 'yan kwanaki. Daga baya wani baƙin ciki ya taso mini wanda ya fi tsoron dā nauyi. Maganar da ba ta kai tafasar ruwa ɗaya ba ita ce maganin abin da ya cinye mini shekara biyu da 'ya guda. A Wurno ma akwai ungozoma, ita ma tsohuwa ce mai ido. Ta ga ina zama a kan hannuwana, Inna ta gani, surukata ta gani, gari guda ya gani. Ba wanda ya tambaye ni ko lafiya, don kowa yana da fassararsa a shirye, kuma fassarar mai daɗi ce. Da 'ya ta biyu ce, da tun kwana huɗu an gane.

Da na yaye yaron na sami mijina na ce ina so a dawo mini da 'yata. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya ce, "Yanzu? Ke da ko sunanta ba ki kira? Mi za ni ce ma Yaya?"

Sai na gaya masa duka, tun daga duron Wurno. Da na gama cewa ya yi, "Kak ki sake hwaɗa ma kowa wanga zance. In Yaya taj ji, ko ƙofar gidanta ba ta barin ki taka. Yarinya ta saba can, an sa ta makaranta. Ki bar ta."

Na yi fushi da shi wata guda, ina ajiye masa abinci ba magana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Sai na koma zuwa Rimawa, duk sallah, duk wani suna ko biki, wani lokacin ba dalili. In kai mata 'yan kunne, in kai mata takalmi. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta karɓa da hannu biyu, ta kai wa yayar mijina ta adana mata. Yayar mijina take kira Inna. Ni Adda take ce mini, kamar wata yayarta, ko da yake ba a ɓoye mata wadda ta haife ta ba. Sau ɗaya na ce ta zo in yi mata kitso. Ta zauna a gabana wuyanta a sandare har na gama, ta yi godiya ta tashi. In ta zo gidanmu hutu takan tsaya daga nesa tana kallona ina goye da ƙannenta ina yi musu waƙa. Na sha shirya yadda zan yi mata bayani. Tana ƙarama na ce ta yi ƙanƙanta. Da ta girma na rasa ta inda ake fara gaya wa mutum abin da uwarsa take gani in ta riƙe shi.

Ta yi aure a Rabah. Da cikinta na fari ya tsufa, Rimawa aka kai ta, ba wanda ya ga abin tambaya a ciki. Ta haifi namiji. Na je ana jibi suna, da turamen zane da tukunyar kunun kanwa da na dama da hannuna. Ɗakin cike yake da mata. Ita ba ruwanta da wata kunyar ɗan fari, tana rungume da shi tana sumbatar goshinsa a gaban kowa, yayar mijina tana yi mata faɗan wasa tana dariya. Na ji daɗin ganin haka, wallahi na ji daɗi.

Aka fara zagayawa da jinjirin hannu zuwa hannu. Da ya koma wurin uwarsa, wata gwaggonta ta hango ni a bakin gado ta ce, "Af, ga uwargida zaune ba a ba ta angonta ba. Miƙa mata shi."

Na matso na miƙa hannuwana biyu. Ba su rawa, sun daɗe da daina rawa. 'Yata ta dubi hannuwan, sannan ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, muryarta ma ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Bar shi nan, Adda, kak ki wahal da kanki. Ni ma ba ki ɗauke ni ba, ga ni kuwa na girma."

Matan suka kwashe da dariya, sun ɗauka wasa ne tsakanin 'ya da uwa. Na mayar da hannuwana na gyara mayafina, kamar dama shi na ɗaga su in gyara.